Adabin Sakkwato

Adabin Sakkwato shi ne rubuce-rubuce da waƙoƙin da aka samar a birnin Sakkwato da garuruwan da ke kewaye da shi, kamar Wurno da Gwandu da Sifawa da Kware da Salame, tun daga farkon ƙarni na 19 zuwa yau. Ya ƙunshi littattafan Larabci, da rubutattun waƙoƙi cikin Larabci da Fulatanci da Hausa, da waƙoƙin baka na makaɗan fada da na jama'a. Waƙa ce ta fi rinjaye a cikinsa, domin da ita malaman jihadi suka isar da karatu ga mutanen da ba su iya Larabci ba. Adabin yana da alaƙa ta kusa da yanayin ƙasar da ya tsiro a cikinta, da sana'o'in hannu irin su jima da dukanci da rubutun hannu, da kuma tarukan da ake rera waƙa a cikinsu, daga zauren malami har zuwa bukukuwan littattafai na wannan zamani.

Yanayin ƙasa

Birnin Sakkwato yana arewa maso yammacin Najeriya, a kan wani tudu kusa da inda Gulbin Sakkwato da Gulbin Rima suka haɗu. Daga nan ruwan yake gangarawa kudu maso yamma, ya bi ta Argungu da Birnin Kebbi, har ya faɗa Kogin Kwara. Yankin yana bakin Sahel. Damina gajera ce, daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, sai kaka, sai hunturu mai ƙura da hazo, sai bazara, lokacin da zafi kan wuce digiri 40 a watannin Maris da Afrilu.

Ƙasar ta kasu biyu a idon manomi. Akwai tudu, inda ake noma gero da dawa da wake da ruwan sama, akwai kuma fadama, wadda gulbi kan malale da damina ya bar mata laka, inda ake noma shinkafa da albasa da tafarnuwa da rake. Makiyaya kan sauko fadama da dabbobinsu idan rani ya yi, masunta kuma suna bin gulabe da tafkuna. A ƙarni na 20 an gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato da ta Goronyo a kan Gulbin Rima, abin da ya canza yadda ruwa ke malala a fadamun. Tudu da fadama, da gulbi, da hadari, da itatuwa irin su giginya da gamji da tsamiya, su ne mawaƙan yankin suka fi ɗebo kamance da siffantawa daga gare su.

Kafuwar birnin

An haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta, cikin ƙasar Gobir, a shekarar 1754, ya tashi a Ɗegel. Ya fara wa'azi yana da kimanin shekara ashirin, ya zaga Kabi da Zamfara yana karantarwa. Da dangantaka ta yi tsami tsakanin jama'arsa da Sarkin Gobir Yunfa, sai ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. A watan Yunin shekarar aka gwabza a Tabkin Kwatto. Jama'ar ta sha wuya a Tsuntsuwa, ta zauna a Sabon Gari cikin Zamfara, sannan ta koma Gwandu a 1805, bayan haka ta sake shan wuya a Alwasa. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808.

A 1809 Muhammadu Bello ɗan Shehu ya kafa Sakkwato ya kewaye ta da ganuwa. Shehu ya zauna a Sifawa yana karantarwa da rubutu, sai a 1815 ya komo Sakkwato, inda ya rasu a watan Afrilun 1817. Kabarinsa yana Hubbare, wanda har yau masu ziyara ke zuwa daga sassan Najeriya da Nijar da wasu ƙasashe. Tsohon birnin yana da ƙofofi takwas: Ƙofar Kware, Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Atiku, Ƙofar Aliyu Jeɗo, Ƙofar Kade da Ƙofar Dunɗaye. Da yake shugabannin sabuwar daular malamai ne, birnin ya zama matattarar ɗalibai da masu kwafar littattafai tun daga kafuwarsa.

Harsuna uku

Malaman jihadi sun raba aiki tsakanin harsuna uku. Larabci shi ne harshen littafi da wasiƙa da muhawara tsakanin malamai. Fulatanci shi ne harshen gida ga Shehu da danginsa, kuma da shi ya yi mafi yawan waƙoƙinsa na wa'azi. Hausa kuwa ita ce harshen kasuwa da gona, wadda mafi yawan jama'a ke ji. Fulatanci da Hausa duka da ajami ake rubuta su.

Saboda haka fassara ta zama babban aiki a gidan Shehu. Waƙa ɗaya takan fara da Fulatanci, bayan shekaru wani daga cikin 'ya'yan gidan ya mayar da ita Hausa, wani kuma ya yi mata tahamisi. Misalin da aka fi sani shi ne "Tabbat Haƙiƙa", wadda Shehu ya yi da Fulatanci yana gargaɗin masu mulki da alƙalai da talakawa a kan zalunci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu, wanda ake kira Isan Kware, ya yi mata tahamisi. Haka kuma "Ma'ama'are", waƙar begen Annabi ta Shehu, Isa ne ya fassara ta zuwa Hausa. Yayin da zuriyar masu jihadi da ke zaune a birane suka riƙa komawa Hausa, sai fassarorin suka fi na asali yaɗuwa.

Hausar waɗannan waƙoƙi Sakkwatanci ce. Ana ganin haka a kalmomi irin su "munka" da "sunka" a maimakon "muka" da "suka", da "tahi" a maimakon "tafi", da "na" da "ta" a inda Daidaitacciyar Hausa ke cewa "ne" da "ce". Wannan yana da muhimmanci ga mai nazari, domin idan aka sauya kalmar Sakkwatanci da ta Kananci wajen buga waƙa, sau da yawa yawan gaɓoɓi kan canza, karin waƙar ya karye.

Marubutan ƙarni na 19

Shehu Usmanu ya rubuta littattafan Larabci masu yawa, ciki har da Ihya'us Sunna da Bayan Wujubil Hijra da Nurul Albab, wanda a cikinsa ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Waƙarsa ta Larabci da aka fi sani ita ce Daliyya, ta begen Annabi da ƙaunar ziyartar Madina, wadda ya yi tun yana saurayi.

Ƙanensa Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ake kira Abdullahin Gwandu, shi ne ya fi shahara a nahawu da waƙar Larabci. Ya rubuta tafsirin Liya'ut Tawili, kuma a 1813 ya tattara waƙoƙinsa cikin littafin Tazyinul Waraƙat, inda ya bi kowace waƙa da bayanin abin da ya jawo ta. Littafin ya zama tarihin jihadi ta bakin wanda aka yi da shi. A ciki akwai waƙar nasarar Tabkin Kwatto, da marsiyyoyin abokan da suka faɗi a fagen fama, da waƙar da ya yi lokacin da ransa ya ɓaci da yadda son duniya ya shiga jama'a, har ya kama hanyar gabas ya tsaya a Kano, inda ya rubuta Liya'ul Hukkami. Ya rasu a Gwandu a 1829.

Muhammadu Bello, wanda aka haifa a 1781, ya zama Sarkin Musulmi bayan rasuwar mahaifinsa. Ya yi rubutu a kan mulki da tarihi da magani, ya kuma yi waƙoƙin Larabci. Littafinsa Infaƙul Maisuri, na 1812, ya buɗe da bayanin ƙasashen Sudan, da mutanensu da malamansu, kafin ya shiga labarin jihadi da wasiƙun da suka yi musaya da Shehu Muhammadu al-Kanemi na Barno. Ya rasu a Wurno a 1837, kuma a can kabarinsa yake.

Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a Ɗegel a 1793 ta rasu a 1864, ta yi rubutu da harsunan uku, kuma ayyukanta fiye da sittin sun iso wannan zamani. Daga ciki akwai "Sunago", wadda ta jero sunayen surorin Alƙur'ani don sauƙin hadda, da waƙar tawassuli da mata salihai, da waƙa a kan yaƙin Gawakuke na 1836, da marsiyyoyi da dama, ciki har da ta Muhammadu Bello. Mijinta, Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, ya rubuta Raudul Jinan a kan rayuwar Shehu. Daga gidansu unguwar Giɗaɗawa ta samo suna, kuma zuriyarsu ce ke riƙe da sarautar Wazirin Sakkwato.

Wani babban malami shi ne Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu ta wajen uwa, wanda ya zauna a Salame ya rubuta Raudatul Afkar a kan tarihin ƙasar Hausa, ya kuma yi rubutu a kan falsafa da sufanci. Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth ya sadu da shi a 1853, ya yaba zurfin iliminsa.

Ƙasa a cikin waƙa

Ƙasa tana fitowa ta fuskoki da dama a adabin Sakkwato. Fuska ta farko ita ce ta sunayen wurare. Asma'u ta yi "Filitago" da Fulatanci, wadda daga baya aka mayar Hausa da sunan "Waƙar Gewaye". Waƙar tana bin sawun jama'ar Shehu zango bayan zango, daga Ɗegel zuwa Gudu, zuwa Zamfara da Gwandu da Sifawa, har Sakkwato. Wanda ya haddace ta ya haddace taswirar jihadi, ko da bai taɓa taka waɗannan wurare ba. Wasu daga cikin wuraren, kamar Ɗegel da Alƙalawa, sun zama kufai ko ƙananan ƙauyuka, amma sunayensu sun zauna a bakin mutane, kuma waƙa tana cikin abin da ya riƙe su.

Fuska ta biyu ita ce ta aro daga tsohuwar waƙar Larabawa. Abdullahi ɗan Fodiyo ya ƙware a waƙoƙin Jahiliyya, saboda haka wasu ƙasidunsa sukan buɗe da tsayawa a kufan masoya, da siffanta raƙumi da doguwar tafiya. Wannan salo bai zama baƙo ga masu sauraronsa ba, domin su ma mutanen bakin hamada ne, sun san tashin ruga, sun san ayarin Azbinawa, kuma hijira ta sa sun bar gidajensu sun zama kufai. A waƙoƙin yaƙi kuma yakan kawo kuraye da ungulaye da ke bin fagen fama, kamar yadda mawaƙan Larabawa ke yi.

Fuska ta uku ita ce ta wa'azi. Waƙoƙin tsoratarwa da na kwaɗaitarwa suna siffanta wuta da Aljanna da abin da mutumin Sahel ya sani a jikinsa: zafin rana da ƙishirwa da rashin inuwa a gefe guda, ƙoramu da inuwa da 'ya'yan itatuwa a ɗaya gefen. Duniya kuwa akan kwatanta ta da zango, wurin da matafiyi ke kwana ɗaya ya wuce.

Akwai kuma sha'awar sanin ƙasa don kanta. Lokacin da Hugh Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, ya tattauna da Muhammadu Bello a kan inda Kwara ta nufa, ya koma Ingila da wata taswira da aka zana masa a fadar da wani yanki na Infaƙul Maisuri, aka buga su a littafin tafiyarsa na 1826. Clapperton ya sake dawowa, ya rasu a Sakkwato a 1827. A ƙarni na 20 Shehu Shagari, lokacin yana malamin makaranta, ya rubuta "Waƙar Nijeriya", doguwar waƙa da ke koya wa ɗalibai labarin ƙasa da tarihin Najeriya. Ta bi tsohuwar hanyar malaman jihadi ta sa karatu cikin waƙa don ya zauna a ka.

Sigar rubutacciyar waƙa

Rubutacciyar waƙar Sakkwato ta ɗauki tsarinta daga arulin Larabci. Ana gina ta baiti-baiti, kowane baiti da ɗangogi, kuma akan kira ta da yawan ɗangoginta, kamar 'yar ƙwar biyu ko 'yar ƙwar biyar. Akwai babban amsa-amo da ke ƙarshen kowane baiti daga farko har ƙarshe, akwai kuma ƙaramin amsa-amo na cikin baiti. Tahamisi shi ne wani mawaƙi ya ɗauki baiti mai ɗango biyu na wani, ya ɗora masa ɗango uku a gaba, ya zama biyar. Hanya ce ta girmama mai waƙar da faɗaɗa ma'anarta.

Yawanci waƙa takan buɗe da ambaton Allah da salatin Annabi, ta rufe da godiya da addu'a. Marubuta da yawa sukan saka shekarar da suka gama ta hanyar ramzi, wato kalmar da idan aka lissafa darajar haruffanta za ta ba da shekarar Hijira. Ramzi ya taimaka wa masu bincike wajen jera waƙoƙin Asma'u bisa lokutansu. Ko da yake a rubuce suke, an yi waƙoƙin ne don a rera su, ba tare da kiɗa ba, kuma ta bakin almajirai da makafi masu bara da mata a cikin gidaje suka kai inda takarda ba ta kai ba.

'Yan Taru

Nana Asma'u ta tsara hanyar karantar da matan karkara, wadda aka sani da 'Yan Taru. Takan naɗa dattijuwa mai ilimi da kamun kai a matsayin jaji, ta ba ta malfa da jan ƙyalle a matsayin alamar muƙami. Jaji takan jagoranci tsofaffin mata da 'yan mata daga ƙauyensu zuwa wurin Asma'u, su koyi waƙoƙi a kan tauhidi da salla da tarihin Annabi da kyawawan halaye, su koma su koya wa matan aure da ba su iya barin gida. Suna zuwa da sadakar hatsi da zare da man shanu, wadda ake rabawa mabuƙata. Bayan rasuwar Asma'u, ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da aikin. Tarukan 'Yan Taru na daga cikin tsofaffin tarukan da aka san an gina su a kan rera rubutacciyar waƙar Hausa.

Zamanin Turawa da boko

Sojojin Ingila sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, a filin da ake kira Giginya. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas, aka kashe shi a Burmi a watan Yulin shekarar. Ana jingina masa wata waƙar Hausa a kan zuwan Annasara, wadda ke kira ga hijira. Sunan Giginya ya zauna a birnin, har aka sa wa filin wasa na jihar.

Turawan mulki sun tattara rubuce-rubuce da dama. Razdan Burdon ya sa malamai sun rubuta tatsuniyoyi da labarai da ajami a lardin Sakkwato, kuma suna cikin abin da Frank Edgar ya buga a Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa tsakanin 1911 da 1913. Da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, mawaƙa suka samu sabuwar kafa ta buga waƙa da boko, jigogi kuma suka faɗaɗa zuwa ilimin zamani da siyasa da kiwon lafiya da noma.

Babban marubucin wannan zamani shi ne Waziri Junaidu, wanda aka haifa a 1906, ya zama Waziri a 1948, ya rasu a 1997. Ya rubuta Tarihin Fulani da Hausa, da littattafan tarihi da waƙoƙi da labaran tafiye-tafiye da Larabci. Ɗakin karatunsa na Giɗaɗawa ya zama madogara ga masu bincike, ciki har da Murray Last, wanda ya buga littafinsa a kan Daular Sakkwato a 1967, da Jean Boyd, wadda ta yi nazarin Asma'u. Boyd da Beverly Mack sun buga tarin ayyukan Asma'u a Amurka a 1997. Daga cikin marubuta waƙoƙin Hausa na yankin a ƙarni na 20 akwai Bello Giɗaɗawa da Muhammadu Sambo Wali da Alƙali Haliru Wurno da Garba Gwandu.

Waƙar baka

Malaman jihadi sun ƙyamaci kiɗan fada da bambaɗanci, amma bayan lokaci ya dawo fadojin daular, har tsohon lardin Sakkwato ya zama inda aka fi samun manyan makaɗan fada a ƙasar Hausa. Salihu Jankiɗi shi ne Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na uku, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988. Ibrahim Narambaɗa na Tubali ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu waƙa da kotso, kuma "Bakandamiya" da "Dokin Iska Ɗanhilinge" suna cikin waƙoƙinsa da aka fi nazari. Sa'idu Faru ya yi wa Muhammadu Macciɗo waƙa tun yana Sarkin Kudu. Musa Ɗanƙwairo na Maradun ya yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da sarakuna da yawa. A wajen fada kuma akwai Ɗan Anace, makaɗin dambe da ya shahara da waƙar Shago, da Kassu Zurmi na mafarauta da 'yan tauri, da makaɗan noma da ke bin gayya.

A waƙar fada akan siffanta sarki da toron giwa ko zaki ko bajimi, ko gulbin da ya cika ya hana ƙetarawa, ko hadarin da ya taso, ko dutsen da ba ya ɗaukuwa. Abokin hamayyarsa kuma akan yi masa zambo da ƙananan dabbobin dawa. Laƙabin Gamji da aka san Sardauna da shi daga wannan taska ya fito, domin gamji babban itace ne mai faɗin inuwa.

Fasahar hannu da littafi

Littafin hannu yana buƙatar masu sana'a da yawa. Takarda akan kawo ta ne daga Italiya ta hanyar Tarabulus da Masar, kuma an fi sanin mai tambarin jinjirin wata uku. Alƙalami na kara ne, tawada kuma a gida ake dafa ta. Marubuci yakan rubuta matani da baƙa, ya sa wasali da alamomi da ja ko rawaya, mai zayyana kuma ya ƙawata farkon sura ko rabon hizifi. Ba a ɗinke ganyen littafi, sai a haɗa su cikin tadarishi na fata, a sa cikin gafaka.

Fatar kuwa ta jar akuyar Sakkwato ce, wadda ake kiwo har Maraɗi. Majema sukan jeme ta da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi, dukawa su yi gafaka da jaka da titimi da kayan doki da ita. Tun kafin zuwan Turawa ayari ke ƙetara Sahara da wannan fata, a Turai kuma aka riƙa kiranta fatar Maroko, saboda ta tashoshin Arewacin Afirka take isa can, aka yi amfani da ita wajen yi wa littattafai masu tsada bango. Shiyar Madunka a cikin birnin ta shahara da aikin fata.

Bukukuwa da taruka

Tsofaffin tarukan waƙa a Sakkwato na addini ne da na sarauta. A watan Maulidi ana karanta Ishiriniya ta Alfazazi da Burda ta Busiri da waƙoƙin bege na Hausa da Fulatanci a masallatai da makarantu da zauruka. Da salla kuma makaɗan fada kan fito da sababbin waƙoƙi a gaban Sarkin Musulmi da hakimai. Musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara shiryawa a 1986, daga Sakkwato ta samo tushe. A 2004 an yi bikin cikar Daular Usmaniyya shekara 200, da hawan daba da tarukan masana.

Bikin da ya fi haɗa gulbi da kiɗa da wasanni a yankin shi ne na kamun kifi na Argungu, mai nisan kimanin kilomita 100 daga Sakkwato. Ana danganta farkonsa a sigarsa ta yanzu da ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, wadda ta tabbatar da sulhu tsakanin Kabawa da Sakkwatawa bayan doguwar gaba. Ana yin sa a Matan Fada, da kokawa da dambe da tseren kwalekwale da waƙoƙin masunta. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016.

Bikin littattafai irin na zamani sabon abu ne a Arewa. An fara na Kaduna, KABAFEST, a 2017 ƙarƙashin jagorancin Lola Shoneyin, sannan a 2021 aka fara HIBAF a Kaduna, wanda Sada Malumfashi ya assasa don adabin Hausa. Sakkwato ma ta samu nata, Bikin Littattafai da Fasaha na Sakkwato, wanda ake kira SOBAFEST. A irin waɗannan bukukuwa akan yi karatun waƙa da tattaunawa da marubuta da baje kolin littattafai da zane-zane, kuma matasa da ɗalibai ne suka fi halarta. Ana jin waƙar Hausa mai kari da amsa-amo tare da waƙar Ingilishi da ake gabatarwa a dandamali. Marubutan birnin kuma sukan yi taro a Ranar Waƙa ta Duniya, 21 ga Maris, da Ranar Hausa, 26 ga Agusta.

Cibiyoyin nazari da adanawa

An kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, aka sauya mata suna zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Sashen Harsunan Najeriya da na Larabci da na Tarihi sun samar da kundaye masu yawa a kan marubuta da makaɗan yankin. Daga cikin malamanta akwai Abdullahi Bayero Yahya, marubucin Jigon Nazarin Waƙa da Salo Asirin Waƙa, da Aliyu Muhammadu Bunza, wanda ya yi littafi a kan Narambaɗa. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu tana adana rubuce-rubucen hannu da wasiƙu da kayan tarihi. Ana kuma samun rubuce-rubucen Sakkwato a Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da Jami'ar Bayero a Kano, da Jami'ar Ibadan, da Yamai. Gidan Rediyon Rima ya ɗauki waƙoƙin makaɗa da yawa a faifai da kaset.

Ƙalubale

Rubuce-rubucen hannu da yawa suna hannun iyalai, inda gara da ɗanshi da gobara ke cin su, rabon gado kuma yakan watsa littafi ɗaya gida-gida, tun da ganyensa ba a ɗinke suke ba. Masu iya karanta tsohon ajami, musamman na Fulatanci, suna raguwa, don haka wasu waƙoƙin Shehu da na Asma'u sun fi samuwa ga mai karanta fassarar Ingilishi fiye da jikokin waɗanda aka yi wa su. Tsofaffin kaset na makaɗa suna lalacewa idan ba a mayar da su na'ura ba, waɗanda ke yawo a wayoyi da intanet kuma sau da yawa ba su ɗauke da sunan waƙa ko lokacin da aka yi ta.

Ƙasar da waƙoƙin ke siffantawa ita ma tana canzawa. Kwararowar hamada da saran itatuwa sun rage dazuzzuka, namun dajin da makaɗa ke kamanta sarakuna da su sun ƙaura daga yankin. Ambaliyar 2010 ta cinye gonaki da ƙauyuka a bakin Rima, ta karya hanyar da ta haɗa birnin da mazaunin jami'a. Rashin tsaro a gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni, da maƙwabciyarta Zamfara, ya raba mutane da garuruwan da suka fitar da manyan makaɗa, ya kuma sa zuwa wasu wuraren tarihi da ɗaukar waƙa daga bakin tsofaffi ya yi wuya ga masu bincike.